Manhajar ta dawo, muryar ba ta dawo ba

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ba ta gama iya magana ba, maigidana ya tafi haƙar zinariya can cikin Sahara. Ni ba karatu gare ni ba, don haka murya yake aiko mini ta salula. Wani lokaci ya yi wa yarinyar waƙa da muryarsa mai kaushi kamar ta raƙumi, ta yi ta dariya tana lasar gilashin salular.

Da rami ya rufta da shi, ko gawarsa ba mu gani ba. Muryoyin nan kaɗai suka rage mana. In yarinyar ta ƙi cin abinci sai in kunna mata, ta buɗe baki.

Ana nan salular ta fara sandarewa. Tsoro ya kama ni, na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa. Ya danna nan, ya danna can, ya ce, "Baiwar Allah, wayarki lafiya lau. Aplikasiyon ce ta lalace, manhaja kenan."

Na ce, "Malam, mece ce manhaja?"

Ya ce, "Ba a riƙe ta da hannu. Ita ke gaya wa waya aikin da za ta yi. In cire ta in sa sabuwa?"

"Irinta?"

"Irinta sak!"

Ni sarkin wayo, na ɗauka kamar canjin batir ne. Har godiya na yi masa.

Bai yi ƙarya ba. Alamar manhajar ta dawo yadda take, launinta ɗaya, mazauninta ɗaya. Da na isa gida na buɗe, ciki wayam, babu murya ko ɗaya, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Na koma a guje, goyo na neman zamewa. Ya dafe kai ya ce, "Wayyo, ƙanwata, ba ki ce akwai ajiya a ciki ba."

Ban san ana faɗa ba. Shi ma bai san ana tambaya ba.

Yanzu ina jin kalmar a rediyo, na san ma'anarta sarai, sai dai sanin bai amfane ni da komai ba. Ɗiyata ta shiga lakwal, makarantar boko. Kwanan baya ta ce, "Inna, yaya muryar Baba take?"

Na buɗe baki in kwaikwaya mata. Sai na tarar ni ma ta fara ɓace mini.