Jar Saniyar Yumɓu

Shekarun baya, bayan babban farin nan da ya cinye dabbobi, ina zaune gidanmu a wani ƙauye kusa da Badagishiri, don mai gidana ya tafi cirani. Mahaifiyata maginiya ce. Ban da tuluna da tukwane, tana gina ƴan ƙananan abubuwa da yumɓu: shanu, raƙuma, jaki da mangala, mace tana daka. Wurin kakata ta koya, kuma a duk yankinmu ita kaɗai ta rage mai yin su. Ni kuwa aikina kwaɓa yumɓu da ɗaukar kaya zuwa kasuwa.

A shekarar ne hannunta ya fara rawa. Tulu dai tana lallaɓawa ta gama, amma ƙaramin abu sai ya lotse a yatsunta.

Wata ranar kasuwa wani dattijo Bafillace ya tsuguna gaban kayanmu. Ya ɗauki saniyar yumɓu ɗaya cikin ragowar na bara, ya daɗe yana juya ta. Ya ce garkensa duka ya ƙare a farin, amma ɗaya ce ba ta fita ransa. Ja ce, ƙahonta na hagu ya sunkuyo ƙasa, da ɗan fari a goshi, kuma in ta tsaya sai ta karkatar da kai kamar mai saurare.

"Inna, ki gina mini ita," in ji shi. "Jikokina ba za su san ta ba in ba haka ba."

Mahaifiyata ta ce to. Muna hanyar gida na ce, "Inna, da wane hannu?"

Ta ce, "Da naki mana, ɗiyata."

Ta farko da na gina, maƙwabciyarmu ta leƙo ta tambaye ni ko kare ne ya kumbura. Ta biyu ta fi kama da jaki mai ƙaho. Mahaifiyata ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Ke yumɓu kike kallo. Tahi ki kalli saniya."

To ina saniyar? A ƙauyenmu ko ɗaya ba ta tsira ba. Sai da kasuwa ta zagayo na je kara, inda ake sayar da dabbobi, na zauna kan dutse ina kallon ƴan ramammun shanun da aka kawo. Dillalai suka yi ta zolayata, wai hajiya ta zo sayen garke. Ban kula su ba. A nan na ga yadda tozo yake kwanciya, da yadda saniya take sakin ƙafar baya in tana hutawa.

Da na koma gida hannuna ya gane hanya. Mahaifiyata na gefe tana cewa nan rage, nan danna. Na shafe ta da jar ƙasa, na goge da dutse, na ɗiga farar ƙasa a goshi. Sai kuma matsalar gashi: da kandilo muke gasa kaya, wato busasshen kashin shanu, ga shi babu shanun. Muka gwada da karan gero, wutar ta yi gaggawa, ƙahon ya tsage. Na zauna na yi kukana, na share hawaye, na sake gina wata. Wannan karon muka lulluɓe ta da ƙaiƙayin gero, wuta ta ci a hankali, ta fito lafiya lau.

Ranar da dattijon ya dawo, mahaifiyata ta hana ni miƙa masa. Ta sa na jera ta cikin sauran shanun yumɓun, don mu ga ko zai gane ta. Bai ma gama gaisuwa ba idonsa ya sauka kanta. Ya miƙa hannu biyu ya ɗauka, ya yi irin kiran nan da makiyaya suke yi wa shanunsu, a hankali. Sai ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska.

"Ita ce," in ji shi. "Har karkatar kan. Allah shi yi wa hannunki albarka, Inna."

Mahaifiyata ta miƙe tsaye, ta kama hannuna ta ɗaga sama, ta ce da ƙarfi yadda duk layin magina za su ji, "Ba ni na yi ba, ɗiyata ce! Ku gan ta nan!"

Wata mai tukwane ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa kunya ta sa na rasa inda zan sa kaina, ga daɗi kamar in tashi sama.

Daga nan makiyaya suka riƙa zuwa, daga Tajaye, daga wajen Malbaza, kowa da siffar tasa dabbar a bakinsa. Har direbobin Konni suna saye su kai wa yaransu.

Yau ni ce nake zama a gefe ina cewa nan rage, nan danna. Jikokina mata biyu sun kama aikin, ƙaramar ma ta fi ni iya raƙumi, kuma ba ta ɓoye mini hakan. In na ga yatsunsu cikin yumɓu, sai in ji kamar mu duka muna zaune a tsakar gidan nan, da masu rai da waɗanda suka riga mu.