Iya Funke, Wadda Ba Ta Kitsa Gashi da Yunwa

Duk wanda ya saba bi ta lungunmu a Gangare da sassafe ya san hayaƙin nan da ke tashi a bayan shagon Iya Funke. Baƙo sai ya zaci koko ake damawa, alhali ruwa kawai take ɗorawa, da guntayen itacen da take sayowa a kasuwar Katako, kuma tukunyar ba ta sauka sai la'asar. Kafin ruwan ya yi zafi ta jiƙa karkashi a roba. Sai ta ɗauko man kaɗe, wanda sanyin Jos kan daskarar kamar dutse, ta sa a ɗan kwano, ta ɗora kwanon a kan ruwan zafi ya narke a hankali, don ba ta yarda ya ga wuta ido da ido. Ta shanya tawul-tawul ɗinta, ta share ƙofa, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno tana jiran kan farko.

Sunanta na yanka Iyabode. Da aure ta zo mana daga ƙasar Yarabawa, mijinta tela ne, 'yarta ta fari kuma Funke, shi ya sa sunan ya bi ta. Hausarta irin ta Jos ce, har gobe takan ce wa mace "kai", mu yi ta tsokanarta tana ramawa. Ta iya kitso, amma masu kitso sun yi yawa a garin nan. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne dokarta guda: ba ta kitsa gashin da bai ƙoshi ba. Ko biki ne da ke gobe, in ta taɓa kanki ta ji ya bushe, to sai an ciyar da shi tukuna. 'Yan zamani suna ce wa aikin sitimin, ita kuwa ciyarwa take cewa.

Ina zaune wata rana Tina ta zo daga Kabong, tana sauri za ta coci, ta ce a kitsa mata kawai, ai kullum tana sitimin a gida. Da Iya ta tambaye ta yadda take yi, ta ce mai take shafawa kowace safiya, in tana wanka kuma ta sa man laushin gashi na kwalba ta ɗauraye nan take. Iya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan ai shafa wa yaro mai a leɓe ne a ce ya ci tuwo. Tana wanke mata kan tana yi mata bayani. Ciyarwa, in ji ta, sai an fara wanke datti da tsohon mai tas. Gashin na da danshi za a bi shi tsaga-tsaga da haɗin ciyarwa, a fara daga baki a gangaro gindi, saboda bakin gashi shi ne tsoho, kuma tsoho ake fara zuba wa abinci. A rufe da leda, a naɗa tawul mai ɗumi, in ya huce a sake wani, a bar ɗumin ya buɗe gashin haɗin ya shige. Sai an ɗauraye ne mai ke zuwa, shi aikinsa rufe ƙofa kada danshin ya gudu. Ranar Tina ta makara, tana ta mita a ƙarƙashin leda. Yau 'ya'yanta mata duk a hannun Iya suka girma.

Amma inda na ga abin da har yau nake jinjinawa, a kan Safara'u ne, 'yar maƙwabciyata marigayiya. Yarinyar ta gaji gashin uwarta, baƙi wuluk, har gadon baya. Ta yi hatsarin mota, ta shafe watanni a kwance a asibiti, ba ta ko iya juyawa. 'Yan uwanta da gwaggonta Balaraba suka yi jinya tsakani da Allah. Sai dai kitson da ta shiga asibiti da shi ba a tsefe ba, don gudun wahalar da ita. Kullum sai su ɗaga ɗankwalin su lafta basilin da man kaɗe a kai, a ganinsu suna kula da gashin ne. Da aka sallamo ta aka zo tsifa, sai aka tarar kan ya dunƙule ya zama abu guda kamar soso, ko tsinke ba ya shiga.

Gwaggo Balaraba ta aika a sayo reza. Ba mugunta ba ce, kowa ya ga kan zai ce haka. Na shiga dubiya na tarar da Safara'u ta juya fuska bango. Na zauna a bakin gadon, can ta ce da ni a hankali, "Inna, ƙafar ba za ta koma daidai ba, na haƙura. Shi ma wannan ɗin sai an raba ni da shi?"

Na tashi na fita na kira Iya Funke.

Ta zo da bokitinta da tawul. Ta daɗe tana laluba kan da yatsu, har da sunsunawa. Gwaggo Balaraba, cikin damuwa, ta yi ta rantsuwa cewa ba ranar da suka bar shi ba mai. Iya ba ta ga laifin kowa ba. Ta ce, "Kun yi ƙoƙari, Hajiya. Ƙishirwa yake ji, man ya tsare masa hanya. A ajiye rezar tukuna. Ban ce duka zai tsira ba, amma a bar ni da shi."

Daga ranar shagonta ba ya buɗewa sai azahar. Safara'u ba ta iya dogon zama, saboda haka Iya ke hawa gadon ta ɗora kan a cinyarta. Da sabulun salo da ruwan ɗumi ta fara, har maiƙon watannin nan ya fita. Sannan karkashi, saboda yauƙinsa, da haɗinta na man kaɗe da zuma da jiƙaƙƙiyar hulba, sai leda, sai tawul. Ni ce mai kawo ruwan zafi, don haka ba labari aka ba ni ba. Mataji bai taɓa kan nan ba. Da yatsu take warware shi, sili-sili, daga baki, tana ba da labarin yadda ta sha kuka da sanyin Jos shekarar da ta zo, har Safara'u ta fara murmushi. Wata rana abin da za a samu bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ta kitsa shi sako-sako, ta rufe, ta ce sai gobe. Ni da nake kallo na gaji, ita ko a jikinta.

Wani ɗan curi a ƙeya ne kaɗai ya gagara, wajen da ya fi shan kwanciya. Shi ma sai da ta nemi izinin mai kan kafin ta sa almakashi. Ranar da aka gama ta yi mata kalaba marar tsauri, ta ce ba shuku ba zane sai gashin ya huta. Safara'u, wadda tun ranar hatsarin ta hana a kawo mata madubi, da kanta ta ce a miƙo. Ta duba, ta jawo jelar kalaba ɗaya ta kawo kan kafaɗa, ta ce, "Ashe ina nan." Gwaggo Balaraba ta fita tsakar gida tana share ido da bakin mayafi.

Iya Funke, ke ce mai ciyar da abin da ba shi da bakin cewa yana jin yunwa. Ke ce kika zauna da kan marar lafiya a cinyarki lokacin da mu duka mun sallama. Masallaci da coci duk kan mata ɗaya ne a wurinki, ba wadda kika taɓa yi wa aikin sauri don kin ga layi ya yi tsawo.

Bana ta ajiye aiki. Sanyin ƙashi ya kama yatsun, sun kumbura, Funke ta ce ya isa haka. Sai a lokacin muka lura cewa duk shekarun nan ba mu san mai gyara wa Iya nata kan ba. Yanzu mun sani. Safara'u ce ke tahowa da sandarta, ta ɗora ruwa, ta narka man kaɗe a kan tururi, ta bi furfurar nan tsaga-tsaga.

Mun gode, Iya. Allah ya huta gajiya, ya ba yatsun nan sauƙi, ya saka miki da abin da ya fi. Ku kuma 'yan mata masu shaguna, injin busar da kai da kwalabe masu tsada ba laifi ba ne, amma ku je ku zauna kusa da ita tun tana nan, ku koyi jira. Shekaranjiya na leƙa na tarar da ita a kujerar nan tata, kai a naɗe, Safara'u ta kai hannu za ta warware tawul. Iya ta buge hannun a hankali, ko ido ba ta buɗe ba, ta ce, "Ina za ka? Bai ƙoshi ba tukuna."