Karin da Tawada Ba Ta Riƙe Ba

Bara, bayan an gama yankan gero, 'yar yayata ta kira ni daga Jiratawa. Ta ce jikin uwarta ya yi nauyi, kuma kwana uku ke nan ba ta da magana sai ta wata waƙa da take son ji. Na gane wadda ake nufi tun kafin a kwatanta mini.

Lokacin da muke Tibiri, akwai wasan kwaikwayo da ake nunawa a tele duk Lahadi da yamma. Da waƙa ake buɗe shi, wata mace tana kiran ɗan'uwanta da ya tafi cin rani bai dawo ba. Yaya kan yar da tsintsiya ta ruga gidan maƙwabta don waƙar kaɗai, wasan bai dame ta ba. Ni kuwa ina ganin kaina ɗalibin ilimi, ba na wuce zaure. Wata rana ta matsa mini na rubuta baitocin da ajami, ta ce in ajiye mata tunda ita ba ta karatu. Tun daga nan takardar tana gafakata, a tsakanin waƙoƙin wa'azi.

Na ɗauko ta, na hau kabu-kabu zuwa Sabon Gari, wurin masu tura waƙa a waya. Mai shagon farko magidanci ne, gemunsa ya soma furfura.

"Baba Malam, wa ya rera ta?"

"Ban sani ba."

"Sunan wasan fa?"

"Ya ɓace mini."

Na miƙa masa takardar. Ya juya ta sama da ƙasa, ya mayar mini. "Ni lakwal na yi, Baba, boko na iya, ban iya ajami ba. Rera mini kaɗan, in akwai ta zan gane."

Na dubi hagu da dama. Dattijo kamata, da carbi a hannu, ya tsaya bakin titi yana waƙar tele! Amma na tuna Yaya, na yi ƙasa da murya na rera baiti biyu.

Ya kama ciki da dariya. "Allah Ya gafarta Malam, wannan ai wa'azi ne. Saura ka kira mu mu tuba."

Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Shekara da shekaru, duk sanda na ci karo da takardar, da karin waƙoƙin da take kwance a cikinsu nake karanta ta. Kalmomin suna nan daram, karinsu kuwa ya tafi ban lura ba. Na shiga shago uku, na je har wurin wani tsoho da ke da ragowar kaset a kwali. Ko'ina sai na rera, ko'ina sai an girgiza kai. Da la'asar ta yi, ƙafafuna sun kumbura, kunyar ma ta ƙare mini.

Washegari na tafi Jiratawa hannu wofi. Na tarar da Yaya kwance a rumfa, iska na kawo warin albasa daga lambuna. Ta rame ƙwarai.

"Auta, ka kawo?"

"Ban samu ba, Yaya. Takardar dai ga ta."

Ta juya fuska ga bango. Na rasa abin yi, sai na warware takardar na soma rerawa yadda na iya. Ban kai ƙarshen baitin farko ba ta juyo.

"Kai, Malam, tsaya! Gawa ka zo yi wa salla? Ba haka ba ne."

Ta ce a tada ta zaune. Ina faɗa mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya, tana ɗora musu karinsu da muryar da ta dushe, tana tafa cinya a hankali. A baiti na huɗu numfashi ya gaza mata. Ta koma ta kwanta, ta ce ya isa, ta ji.

Ba wanda ya tuna ya ɗauki muryarta a waya, ni ma ban tuna ba. Allah Ya karɓi abinsa kafin sanyi ya fita, Allah Ya jiƙanta. Na mayar da takardar gafaka. Wani lokaci in na idar da salla nakan gwada, baitin farko yana zuwa daidai, na biyu sai ya koma wa'azi.