Harsashin Gwanki

Jiya na bi ta wajen masu gyaran batir a Tudun Jukun, sai ƙaurin narkakkiyar dalma ya tsayar da ni. Haka zauren kakana yake yi a Ƙofar Gayan, duk lokacin da damina ta ɗauke.

Maharbi ne kakan nawa, mahaifin babana. Da an gama girbin dawa sai ya ɗora kasko a wuta, ya narka dalma, ya zuba a 'yan ramukan da ya ƙwaƙule a jikin dutse. In ta huce ya baje a faifai yana zaɓe, kamar yadda kakata ke tsintar shinkafa. Ƙananan na zabi ne, matsakaita na gada. Manyan kuwa, masu girman 'ya'yan kanya, na gwanki ne, kuma su ya fi ɓata wa lokaci. Yakan mirgina kowanne a tafin hannunsa, wanda ya ji da rami ya mayar kasko. Cewa yake harsashi mai aibi bauɗewa yake in nisa ya yi yawa, gwanki kuma ba ya bari a matso shi. Dalma mai laushi yake so, wadda in ta shiga bayan kafaɗa za ta baje, dabba ta faɗi nan take, a riske ta a yanka.

Baffana, ƙanen babana, ba shi da wannan haƙurin. Wata shekara ya ɗura wa bindiga guntayen ƙarfen da ya tsinto a gareji, ya hango macen gwanki a tsallaken fadama, ya sake mata. Ta zabura ta shige kurmi. Shi da kakana suka bi jini har washegari. Ungulaye ne suka nuna musu wurin. Ƙarfen ya huda ciki ya wuce, ta mutu a hankali, ga ɗa a cikinta.

Da suka dawo kakana bai yi faɗa ba. Sai da ya sha ruwa sannan ya dubi baffa.

"Naman da ya zama mushe, asararmu ce duka. Wahalar da ta sha kuwa, kai za a tambaya."

Tun daga ranar baffa ya zauna gindin kasko, ya koya.

Kakana ya rasu ina sakandare. Masu gawayi suka cinye itatuwa, gwanki ya ƙare, 'yan bindiga suka gaje dajin. Babban ɗan baffa ya shiga 'yan sa-kai bayan an sace surukansa a gona. Ya zo ya roƙi uban ya zuba masa dalma irin ta gwanki. Baffa ya ce min a ranar ya san ba dabba za a harba ba. Ya zuba, ya zaɓa masa mafi kyau. Amma waɗanda ke cikin dajin ba su zaɓen harsashi, feshi suke yi. Takalminsa kawai abokansa suka kawo gida.

Yanzu baffa ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Samarin ƙauyukan bayan ganuwa har yau suna zuwa zauren da tsofaffin batura. Na ce masa ya bari haka nan, ya huta. Ya ce in ya ƙi, da ƙusoshi za su tafi. Haka yake zama yana shafa kowane harsashi da yatsa, yana ware mai rami, yana miƙa wa yaran da bai cika sake ganinsu ba.