Tafin Ƙafar Baba

Ranar Talata ce, in ban manta ba, bayan an yanke dawa, a shekarar da na gama makarantar midil na dawo Mawashi. Inna ta dama kunu. Baba yana ɗakin baya yana tufkar igiya. Shekara uku bai fita masallaci ba. Kuturta ta taɓa shi, mu kuwa muna ce wa mutane sanyin ƙashi ne.

Da hantsi muka ji ganga, sannan muryar sanƙira: "Kowa ya fito ƙofar dagaci! Maza su tuɓe riga, likitan Bature zai duba!" An daɗe ana cewa duk wanda aka ga tabo a jikinsa, sansanin kutare za a kai shi. Ni da na yi boko ya kamata in je in tambayi yadda abin yake. Ban je ba.

Gab da azahar dogarai suka fara shiga gidaje. Na ji danga tana karyewa a maƙwabta. Na ji bulala, na ji mace tana salati. Wani dogari ya daka tsawa, "Fito da shi!" Hayaƙi ya tashi. An ce rumbu ne, amma ban gani da idona ba.

Baba ya ce, "Sani, kada su tuɓe ni gaban jama'a."

Na ɓarke dangar baya. Bai tsaya neman takalmi ba, ni ma ban ce ya sa ba. Muka yanki gonaki, muka nufi Sukuntuni wurin ƙanwarsa. Ko'ina tushiyar kara ce, sabon sara, mai tsini. Yana gabana yana sauri har na yi mamaki. An koya mana a makaranta cewa ƙafar mai wannan ciwo ba ta jin zafi. Na sani. Ban duba ƙasa ba.

Da la'asar sakaliya muka zauna gindin tsamiya. Nan na ga jinin. Kara ya huda tafin hagu ya karye a ciki. Baba ya dubi ƙafar kamar ta wani ce.

Da dare muka isa Sukuntuni. Washegari Gwaggo ta ce a kai shi ɗakin shan magani a Kankiya. Ya ƙi, don can ma sai an buɗe jiki. Wataƙila da na matsa da ya yarda. Ban matsa ba. Kumburin ya kai gwiwa, ya wuce. Kwana goma sha ɗaya ya yi.

A iya sanina, mutum huɗu aka tafi da su daga Mawashi ran nan. Uku sun dawo bayan damina biyu. Mu biyu muka fita ta dangar baya. Ni kaɗai na dawo.