Ranar da Kabtin Sale Ya Danna wa Duk Sa'alaba Zuciya

Ya shabab, wa zai manta da takardar Kabtin Sale? Dokokin nan da kulliya, wato kwaleji, ta ba kociyoyin ƙwallonta: ba tura wa ɗan sakandare saƙo, ba kwamen, ba fifita wani a fili, sai ranar da aka buɗe ɗaukar 'yan wasa. Sauran kociyoyi ko kallonta ba su yi ba. Shi kuwa ya kai aka manne masa ita da leda, kullum tana aljihu. Kafin ya taɓa jawwal, wato wayarsa, sai ya ciro ya duba, kamar takardar magani!

Ni kuma gurbi a ƙungiyarsa nake nema ido rufe. In bai ɗauke ni ba, ba ni ba kulliya, sai garejin Baba a unguwar Khumra.

Rannan na ɗora bidiyon gol ɗina, kawai sai ga alamar zuciya daga Kabtin. Wayyo daɗi! Na watsa a status, Umma har da guɗa. Ashe yatsansa ne ya zame, kuma bai iya cirewa ba. To kar a ce ya yi fifiko, sai ya bi yaran unguwarmu Sa'alaba kaf yana danna musu. Har Bilal gola, a bidiyon da aka zura masa bakwai.

Bilal ya tare shi baki har kunne: "Kabtin, ka ga wani abu a wasana ko?"

"Na gani, ɗana. Sau bakwai."

Haƙuri ya ƙare min, na tura masa: "Kabtin, ina ciki?" Washegari sai ga shi a gareji, gumi sharkaf.

Ya ce wa Baba, "Abu Hamza, gaya wa ɗanka ban ga saƙonsa ba."

Ina tsaye a gabansa fa!

Baba ya ce, "To ya aka yi ka san ya turo?"

"Mamnu'! Doka ta hana! Kuma ka ce ya rage shawarma, kullum ita ce a status."

Ranar buɗe ɗauka Kabtin yana kwance a asibiti. Na ce halas, ta wuce ni. Bayan azahar sai ga saƙon boyis ɗinsa, sakan shida, numfashi sama-sama: "Hamza. Yau ya halatta. Yalla, kawo katin iƙama da takalminka." Matarsa ta ce tun safe yake damun nas da tambayar yau nawa ga wata.

Bai kai ƙarshen watan ba.

Ɗazu na karɓi katin kulliya da riga mai sunana, ina ta tsalle kamar mahaukaci, har na buɗe lambar Kabtin zan gaya masa.

Allah ya jiƙan Kabtin, ya haskaka kabarinsa, ya tarbe shi da sauƙi. Amin.