Tsohuwar da ke karanta fulogi

A bayan gidan man garinmu a Montana, wata tsohuwa ta durƙusa gaban babur ɗin wani ƙato. Sunanta, Marlys, aka ɗinka a rigarta. Gogan ya sa sabon salansa, sai cika baki yake da ƙararsa. Ita kuwa fulogi ta kwance, tana duba bakinsa a rana, ga shi fari fat.

"Ɗan nan, ka ƙara wa injin iska, ka hana shi mai. Kafin ka kai garin Billings fistin ya narke."

"Iya, ba ki ji ƙarar ba?"

"Jaki ma yana da ƙara."

Ta buɗe kafireta, ta zaro jet, ɗan bututun da mai ke bi, mai faɗin rami daga wani gwangwanin alewa, ta sauya na ciki da shi. Tabon ƙunar hannunta ya gaya mini ta taɓa narkar da nata injin, ba kuwa za a yi na biyu a gabanta ba.